Mil Goma Sha Biyar Daga Mashigin Mama

Detroit, 6 ga Maris, 1988

Ƙanena Ezell,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta daɗe ba ta zo ba. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taka? Yaya kogi? Mu nan muna lafiya, sai sanyi da ya ƙi tafiya. 'Yata Renita tana gaishe ka, aikin asibiti ba ya barinta ta huta. Da kana da waya kamar sauran mutane da na kira ka, amma tun rasuwar matarka ka sa aka cire, don haka sai ka yi haƙuri da rubutuna. In ka ga layi yana hawa yana sauka, ba tsufa ba ne kaɗai.

Ciwon sugan nan ya taɓa mini ido. Na hagu ya tafi tun kafin Kirsimeti, ban gaya maka ba. Na dama ma yana bin sa. Na ce wa likita ya faɗa mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ya ce, "Mama, duk abin da kike son gani, ki gan shi bana."

Na zauna ina ta tunanin me nake son gani. Jikokina na haddace fuskokinsu. Sai na ji a rediyo za a sake harba kumbo zuwa sararin samaniya bana, na farko tun wanda ya tarwatse. Ezell, saboda abin nan aka tashe mu daga tsibiri, aka raba mu da gonar lemon Baba, ni kuwa shekara ashirin da biyar ban taɓa ganinsa da idona ba. Ko a talabijin aka nuno sai in tashi in shiga kicin. Yanzu ina so in gani. Ina so in san ko ya kai abin da aka karɓe mana.

Ka kai ni mashigin ruwan nan na ƙarshen hanyar bayan gidanka, inda Mama take tsayawa kullum da yamma tana hangen tsallake bayan mun dawo Mims. Nan nake so in tsaya. Ka rubuto mini ranar, kai ne Farfesa, ka san lissafinsu.

Yayarka,
Vernice

Mims, 2 ga Afrilu, 1988

Yaya Vernice,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, kogi kuma yana ba ni abin da zan banda in ci da faten masara. Ki gaida Renita. Batun ido, na karanta sau uku. Allah ya tsayar da shi haka.

Bari in gyara miki abu ɗaya. Ba a kan gonar Baba suka kafa wurin harbawar ba, tana can arewa da shi da 'yan mil. Ba su ma taɓa ta ba. Sun kewaye ta kawai suka bar ta. Wani da ke shiga ciki ya ce mini itatuwan suna nan, lemo yana zuba, aladun daji suna ci. In amsar tambayarki kike nema, ga ta nan, ba sai kin hau jirgi ba.

Rana kuwa, ba wanda ya sani. Sun ce Fabrairu, suka ce Yuni, yanzu suna cewa Agusta. Kuma ki daina kirana Farfesa. Na yi karatun lissafi a Tallahassee, na yi wa wani kamfanin masu harba kumbo a tsallake shekara tara ina ƙirga musu lambobi, da aka gama zuwa wata aka ba ni takardar godiya aka nuna mini ƙofa. Na koyar da 'ya'yan mutane har na gaji. Yau mai kamun kifi ne ni, kifi kuma ba ya tambayar takardar shaida.

Duk da haka na zaga na duba miki wurare, Junius maƙwabcina ya kai ni a motarsa. Bakin kogi a Titusville ya fi ko'ina. Mil goma sha biyu ne, ba itace ko ɗaya tsakaninki da abin, sai ruwa. Illarsa mutane. Tun ana sauran kwana biyu suke zuwa da motoci da kujeru da karnukansu, ba wurin zama, ba wurin kewayawa, ga rana. Kan gada ya fi kusa, amma iska tana da ƙarfi, kuma in taro ya yi yawa 'yan sanda sukan hana tsayawa. Bakin teku ta kudu akwai sarari, sai dai ba a ganin tashinsa daga ƙasa, sai ya ɗago sama da rufin gidaje. Hanyar cikin tsibiri sai da takardar izini, ni kuma ba zan je in roƙi izinin taka ƙasar da aka binne cibiyata ba.

Junius ya ce, "Farfesa, kana da kogi a bayan ɗakinka kana ƙona mini mai? Tsohuwa ta ce mashigi, ka kai ta mashigi mana."

Na ce masa ya kula da tuƙinsa, ya kusa taka kunkuru.

Ga maganata, Yaya. Shawarata ki zauna a Detroit. Abin nan ba wasan wuta ba ne, mutane ne ake ɗaurawa a kan tankin mai a kunna. In ya sake faruwa, shi ne abu na ƙarshe da zai zauna miki a ido, kuma ni ne na kai ki. In kin ƙi ji sai kin zo, zan kai ki Titusville in riƙe miki lema. Amma mashigin Mama, a'a. Ko'ina ban da nan. Kada ki sake tambayata.

Ƙanenki,
Ezell

Detroit, 9 ga Mayu, 1988

Ezell,

Ina fata kana lafiya. Ni da sauƙi. Da madubin ƙara girman rubutu na karanta takardarka, kwana biyu ina yi, da na san abin da ke ƙarshenta da ban wahalar da idona ba.

Na gane. Ni ce na riƙe hannun Mama ta sa hannu a takardar gwamnati, sannan na kwashe kayana na yi arewa na bar ka da ita tana kuka a bakin ruwa har ta mutu. Shekara ashirin da biyar kana so ka faɗa mini ban cancanci tsayawa inda ta tsaya ba, yau ka faɗa. To ka sani, da ban riƙe hannunta ba da 'yan sanda za su fitar da ita, kai kuma lokacin kana can ka saka farar riga kana neman aiki a wurin waɗanda suka karɓe gonar.

Mashigin ba naka ba ne. Zan zo ko da sanda, in tambayi yaran unguwa hanya.

Vernice

Mims, 5 ga Yuli, 1988

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Sati bakwai takardarki tana kan tebur ina harararta. Abin da kika faɗa game da farar riga gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. Jiya suka fito da kumbon suka kai shi wurin harbawa, duk gari ana ta murna. Sai na ga in ban yi magana yanzu ba lokaci zai ƙure mana.

Batun hannun Mama, na riƙe ki a zuciya, ba zan yi ƙarya ba. Amma tun a lokacin na san ko da ke ko ba ke za su karɓa. Ba shi ne dalili ba. Ga dalilin, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tafiya take yi, mil ɗaya a sakan biyar, saura kaɗan. Kowa a nan ya san haka. Za ka ga wuta ta tashi shiru kamar a mafarki, sai can daga baya rugugin ya biyo ta kan ruwa. Daga mashigin Mama zuwa wurin harbawa mil goma sha biyar ne. Na auna a taswira ya fi sau ɗari.

Ran nan ta Janairu, shekara biyu da rabi ke nan, sanyi ya daskarar da lemo a kan itace. Ni da Junius muka tsaya a mashigin da barguna. Wutar ta tashi, na fara ƙirga, don al'adata ce, in ƙirga har ƙarar ta iso in ga ko lissafina ya yi daidai. Ina kallo ina ƙirgawa. Saba'in da ɗaya. Saba'in da biyu. A kan saba'in da uku wutar ta kumbura ta zama farin ƙullutu, hayaƙin ya rabu biyu kamar ƙaho. Junius ya cire hula ya ce, "Farfesa, mene ne wancan?"

Kafin in buɗe baki sai ƙarar ta iso. Ba ƙarar fashewa ba, Yaya. Ƙarar tashinsu ce, wadda ta baro tsallake tun sakan saba'in da uku da suka wuce, lokacin komai lafiya. Ta zo da ƙarfinta, cikakkiya, ruwa yana rawa, kifi yana tsalle kamar kullum. Ta yi fiye da minti tana zuwa. Kunnena yana ce mini suna tafiya, idona yana kallon gutsattsari suna zubowa cikin teku. Mutum bakwai, har da malamar makaranta irina. Ni kuma bakina bai daina ƙirga ba, na kai ɗari da hamsin kafin Junius ya girgiza ni.

Wanda ya tsaya a Titusville ƙarar ta riga ta same shi kafin abin ya faru. Wanda yake nesa can arewa sai daga baya ya ji ta sama-sama. A mashigin Mama ne kaɗai na san abin biyu suka haɗu daidai. Lissafina bai taɓa fita daidai kamar ranar ba.

Tun ranar ban sake taka hanyar ba. Kwalekwalena ma a wani wuri nake sa shi a ruwa. Tagar ɗakina ta gabas na buga mata katako. In jirgin ƙasa ya wuce da nauyi sai in tsinci kaina ina ƙirga.

Yanzu ki duba abin da kike nema a wurina. Ke ido ɗaya ne ya rage miki, rabin kallonki da kunne za ki yi. In ya sake faruwa, za ki ji rugugin nan ki ɗauka nasara ce, wataƙila ki yi tafi, ni ne kuma zan juyo in gaya miki. Shi nake tsoro. Ba ke nake hana wa wurin ba, ni ne na kasa zuwa.

Suna cewa farkon Satumba yanzu. Yaya idon? Ki gaya mini gaskiya, nawa ya rage?

Ƙanenki,
Ezell

Mims, 21 ga Agusta, 1988

Yaya Vernice,

Ina fata wannan ta same ki, kuma da lafiya. Sati shida ke nan ba amsa. Kullum ina bakin akwatin wasiƙa kafin mai kawowa ya iso, har ya fara ce mini, "Baba, budurwa ce ta yi fushi?" Na je kantin bakin titi na buga lambarki sau uku a rana uku daban. Tana ta ƙara, ba wanda ya ɗauka. Lambar Renita ba ni da ita, laifina ne.

In fushi ne, ki ci gaba da yi, amma ki sa a rubuto mini layi ɗaya in san kina numfashi. In idon ne ya tafi gaba ɗaya alhali ina zaune ina hararar takardarki sati bakwai, ban san inda zan sa kaina ba. Akwai abu na uku da nake tunani, ba zan rubuta shi ba.

Ran goma ga wata suka gwada injinan kumbon a ƙasa. Ban san za su yi ba. Ina shan kofi sai kwanukan kan kanta suka fara kaɗawa, kofin ya suɓuce mini. Sun sake ɗaga ranar, yanzu ƙarshen Satumba. Kowane ɗagawa sai in ji sanyi a raina don kaina, sannan in tuna idonki in ji kunya.

Jiya na ɗauki adda na bi hanyar mashigin. Ciyawa ta kai ƙirji, sauro kamar hayaƙi. Na share har bakin ruwa, kaina a sunkuye, ban ɗaga na dubi tsallake ba. Kututturen da Mama take zama yana nan. Hanya a buɗe take, in kina so.

Ezell

Detroit, 17 ga Satumba, 1988

Kawu Ezell,

Ina gaishe ka da girmamawa. Renita ce. Kafin komai, Mama tana raye, tana cin abinci, tana faɗa da kowa. Ka kwantar da hankalinka.

A watan Yuli jini ya zuba mata a idon dama. Ta yi kwana goma a asibiti, daga nan na ɗauke ta zuwa gidana, shi ya sa ba a ɗaukar waya. Maƙwabciyarta tana kawo mata wasiƙu. Shekaranjiya ina neman katin maganinta a jaka na ga takardunka biyu ba a buɗe ba. Ta daina iya karatu, kuma ta ƙi ba ni, wai ba ta so in ji irin zagin da ƙanenta yake mata.

Na zaunar da ita na karanta mata duka biyun. Da na kai wurin ƙirgar nan ta ce in tsaya. Can ta ce, "Wawan yaro. Shekara biyu da rabi yana ɗauke da wannan shi kaɗai, da katako a taga." Kawu, shekararka sittin da bakwai, na sani, ni dai abin da ta ce nake rubutawa.

Ga gaskiyar idon. Ɗan wuri ne ya rage mata, kamar kana leƙe ta ramin makulli. Fuska ba ta ganewa, amma abu mai haske tana ganinsa sarai, fitila, ko rana a jikin gilashin mota. Likita ya ce shi ma ba zai daɗe ba, kuma bai so tafiyar ba. Ni ma ban so ba. Ka san ta.

Sun sa ranar harbawa Alhamis, ashirin da tara. Zan sa ta a jirgi zuwa Orlando ran Asabar ashirin da huɗu, tana sauka ƙarfe biyu na rana. Ni ban samu hutu ba. Allurarta safe da yamma, na rubuta komai a takarda cikin jakar. Kada ka bar ta ta sha lemo da yawa, za ta ce maka na yarda, ƙarya ne.

Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: "Mashigin Mama za mu. In ba za ka iya kallo ba ka rufe ido, ni zan duba mana."

'Yarka,
Renita

Mims, 30 ga Satumba, 1988

'Yata Renita,

Ina gaishe ki, ya aiki? Uwarki lafiya, ana allura a kan lokaci. Lemo kuwa na ɓoye, ta gano wurin da hanci. Na san kin gani a talabijin, amma talabijin ba ta nuna mashigi ba, don haka ga yadda aka yi.

Da hantsi muka fita, tana riƙe da gwiwar hannuna, Junius yana biye da kujeru da rediyo da kifin banda. Na zaunar da ita a kan kututturen kakarki. Ta shafa shi ta ce ya ƙanƙance. Na ce ita ce ta ƙara faɗi. Ban da mu ba kowa sai tsuntsayen kwasakwasa biyu a kan turaku.

Aka ce ƙarfe goma saura, sai aka ɗaga saboda iskar sama. Fiye da awa ɗaya da rabi muna zaune. Ba zan ɓoye miki ba, addu'a nake yi a fasa. Na ɗauki kifi na ajiye, na sake ɗauka, ban ci ba. Junius ya ce, "Farfesa, kai za a harba ne?" Uwarki ta ce, "Ƙyale shi, Junius, tun yana yaro in za a yanka kaza sai ya shige ƙarƙashin gado."

Da rediyo ya ce saura minti biyu, na ba ta tsohon madubina na hangen nesa, na juya mata kai daidai wurin, na ce kada ta motsa. Ta ce, "Kai ka yi ƙirgarka, tunda ba ka iya bari. Ni zan faɗa maka abin da ke akwai." Na riƙe kafaɗarta na rufe ido. Ni da na yi shekara tara ina yi wa abin nan lissafi, na tsaya ido a rufe, makauniya tana duba mini.

Junius ya yi ihu. Na fara, ɗaya, biyu, uku. Uwarki ta ce, "Wayyo Allah. Ezell, ina ganinta! Kamar an fasa rana an ɗebo." Ba ƙara ko kaɗan, sai ruwa yana lasar gaɓa. Ashirin. Ta ce tana hawa. Arba'in. Ta ce ta shige gajimare, sai ta ce ga ta ta fito. Sittin. Na ce, "Guda nawa ce?" Ta ce, "Ɗaya ce. Ƙirga."

A kan saba'in ƙarar ta iso, da yake ranar zafi takan ɗan yi sauri. Ta taho ta kan ruwa ta shige mana ƙirji, kifi ya hau tsalle, ina jin faɗuwarsu. Saba'in da uku. Na ce, "Yaya?" Ta ce, "Ɗaya ce!" Tamanin. "Ɗaya ce, matsoraci, ɗaya ce!" Dariya take yi, kafaɗarta tana girgiza a hannuna. Na wuce ɗari.

A kan ɗari da ashirin da 'yan kai sai dariyar ta yanke. Ta ƙwalla ƙara irin wadda ban ji ba tun ranar da aka zo mana da labarin rasuwar Baba. "Ezell, ta rabu! Ta rabu uku! Wayyo 'ya'yan mutane!"

Ban san lokacin da idona ya buɗe ba. Na ɗaga kai. Can ƙarshen farin hayaƙin ga ƙananan wuta biyu suna karkacewa gefe suna dushewa, ga kuma ɗigo ɗaya fari tas a tsakiya yana ci gaba da tafiyarsa gabas.

Renita, rokoki biyu ne da ake ɗaura wa kumbon a gefe. In sun ƙone mansu bayan minti biyu sai a sake su su faɗa teku, kumbon ya wuce. Haka ake yi kullum. Duk yaron da ke garin nan ya sani. Kwana biyar ina cika mata kunne da mil da sakan da iska da zafin rana, wannan ɗaya ban gaya mata ba, don ni a kaina tafiyar ba ta taɓa wuce saba'in da uku ba.

Na durƙusa na riƙe fuskarta na ce, "Yaya, haka ake yi. Sun yar da abin da suka gama da shi ne. Suna nan, ina ganinsu." Ta ce, "Kada ka yi mini ƙarya don ina makauniya." Na ce, "Ina kallonsu da idona." Ta laluba fuskata har ta taɓa fatar idona, ta ce, "Au, ka buɗe?"

Junius ya kawo rediyo kusa da kunnenta ta ji da kanta. Sannan ta ɗaga madubin ta buga mini a hannu, ta ce, "Farfesan banza. Ka kusa kashe ni." Junius ya yi dariya har ya zauna a cikin ruwa. Ni na bi ɗigon nan da ido har ya ɓace, na kuma dubi tsallake, karo na farko. Ana hango duhun itatuwa ta wajen gonar.

Da muka natsu na ce mata, to, ya kai abin da aka karɓe mana? Ta daɗe tana fuskantar ruwa. Ta ce, "Bai kai ba. Ko itace ɗaya na Baba bai kai ba. Amma na gani, kai ma ka gani."

Yau da safe ta ce mini ramin makullin ya ƙara tsukewa, wutar jiya ce kawai take gani in ta rufe ido, kuma guda ɗaya ce. Ta sa na ɓamɓare katakon taga, wai ɗakina yana warin kifi. Batun komawarta ran Talata, ki ɗaga. Ta ce sai lemo ya nuna, kuma kullum da yamma sai na kai ta kututturen. Ki aiko da sauran maganinta, da lambar wayarki. Na je na ce a dawo mini da tawa.

Kawunki,
Ezell